Zaman da Inna Ta Yi wa Babanku

Magana biyu ake yi a kan gidanmu waɗanda ba haka suke ba, kuma duka biyun daga shekara ɗaya suka fito. Ta farko ta baƙi ce, masu zuwa suna tambaya a kan zanen babanku. Sun ce wai ya riƙa zana mutane ta baya ne don wani salo da ya koyo wurin Turawa, wani ma ya ce don bai iya fuska ba ne. Ta biyu ta dangi ce, wadda kuka taso kuna ji a bakin 'ya'yan Iliya, ƙanin babanku: wai ni na kori kakarku daga gida. Ni ban shiga aji ba sai bayan na aurar da Rifkatu, a ajin manya na koyi riƙe fensir, saboda haka kada ku nemi ƙawa a rubutuna. Amma ina wurin, su ba sa wurin.

'Yan shekaru ne kafin Turawa su tafi. Muna Tudun Wada, a gidan ƙasa mai ɗaki uku da ɗan shago a jikin zaure. Babanku malamin firamare ne, aka ga hannunsa, aka ba shi dama ya tafi kwaleji ya koyi zane. Da keke yake zuwa, wani baƙin keke mai ƙararrawa da ta tsage, in ya kaɗa ta sai ka ce an taka gwangwani. Mu huɗu ne a gidan: shi, ni, Rifkatu tana goye, sai Inna, mahaifiyarsa. Inna mutuniyar Dutsen Abba ce. Da girmanta ta bi mijinta coci, ta iya waƙoƙin fiye da waɗanda aka haifa a ciki, amma kunyar ɗan fari ba ta ajiye ta a bakin ƙofa ba. Ku na yanzu ba ku san nauyin wannan abu ba. Babanku shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba. Wancan take cewa, ko mutumin gidan nan. In ya shigo tsakar gida sai ta juya ta fuskanci bango, ko ta sami abin gyarawa a bakin murhu. In ya durƙusa ya gaishe ta, tukunya take amsa wa. Ba ta cin abinci a gabansa, ba ta dariya yana nan. Iliya kuwa in ya zo daga Kwangila, inda yake aikin jirgin ƙasa, har dukansa take yi da mafici suna ƙyaƙyatawa. Ba wanda ya ɗauki wannan ƙiyayya. Kowa ya san uwar kirki ke nan, har misali ake yi da ita.

A shekarar ƙarshe ta kwaleji kowane ɗalibi zai yi aikin kansa, a jera a bango, masu jarrabawa su zo su duba. Wanda bai kawo ba ba shi da takarda, ya koma inda ya fito. Babanku ba ya cikin waɗanda ake yi wa tsoro. Ya zana kawunan mutane na farar ƙasa da ake ajiye musu don koyo, ya zana tsofaffin da ake kawowa daga kasuwa su zauna musu, har wani tsoho ya ga kansa ya ja da baya yana salati. Ku riƙe wannan, don masu cewa bai iya fuska ba. Sai malaminsu, wani Bature mai yawan shan lofe, ya ce masa hannunsa ya iya, amma har yanzu bai ga abin da yake nasa ba, ya je ya zana fuskar da ya fi sani a duniya. Ba da mugun nufi ya faɗa ba. Babanku ya dawo ya share shago, ya ɗaure farin ƙyalle a jikin katako, ya shafe shi da farin fenti, ya jingina a bango. Ya ce Inna zai zana.

Ruwan farko ya sauka, ƙyallen yana nan fari. Aka yi noman fari, aka yi maimai, ƙyallen ya koma toka-toka don yawan zanawa da gawayi da gogewa. Zai shiga da safe, in ji shiru, in leƙa in same shi zaune a kan akwati hannu tsakanin cinyoyi. Daga baya abin ya wuce ƙyallen. Mai shayin bakin titi ya roƙe shi ya rubuta masa allon shago, abin da yake yi a tsaye yana hira, ya kasa. Ya daina waƙa a coci. Tuwo ya riƙa dawo mini kamar yadda na kai. Malaminsu ya gaya masa a fili, in kaka ta yi ba a ga kome ba, ba zai sa sunansa cikin waɗanda za a jarraba ba. Shi kuma ya fara cewa ai koyar da yara ma aiki ne.

Wata rana da hantsi ina wanki a bakin rijiya, ya zo ya tsaya a kaina.

"Ladi, idon Inna yaya yake?"

"Biyu ne, kamar na kowa."

"Ba wasa nake yi ba. In ta dube ki, yaya take yi?"

"Ni harara take yi mini. Ka zana harara."

Bai yi dariya ba. Ya tsuguna, ya ɗauki sabulu yana juyawa a hannu.

"Na san kunnenta. Na san tsagar da ke gefen fuskarta, na san ƙeyarta. In na zo tsakiya sai in ga ba kome. Sai in ɗora idon Iliya, in duba, in ga ƙarya ce."

"To ka zana ni mana, Malam. Ga ni, ido a buɗe, duk unguwa ta shaida ba ni da kunya."

"Na gwada. In na fara ke, ita ke tare mini hanya."

Ya ajiye sabulun ya tashi. Ban taɓa tunanin abin ba sai ranar. Mutum ya wuce shekara talatin, uwarsa na raye, suna kwana gida ɗaya, bai san yadda take duban mutum ba.

Da lalama na fara, ku rubuta wannan ku ajiye, don ba a faɗarsa. Na sami Inna a madafa tana tankaɗe, na durƙusa kamar yadda suruka take yi, na ce aikin makarantar Malam ya tsaya, abin da yake bukata kawai ta zauna ya dube ta ta dube shi, ko na ɗan lokacin da tukunya za ta tafasa.

"Ke 'yar nan, kanki ɗaya? In zauna in zuba wa wancan ido?"

"Inna, za su sallame shi."

"Su sallame shi. Ubansa bai yi zane ba, ya ci tuwo har ya mutu. Miƙo mini rariyar can."

Na tura Iliya, ya shiga ɗakinta, na ji suna dariya, ya fito yana share hawaye ya ce in bar tsohuwa ta huta. Shi ke nan taimakonsa.

A lokacin matan coci suna zagaya gidaje ran Alhamis da la'asar, a yi waƙa a yi addu'a. Zagayen ya zo kanmu. An shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, mata sun cika, Mama Damaris, wadda ita ce babbarmu, ta ce duk mai abin da yake so a sa a addu'a ya faɗa. Wata ta ce ciwon ƙafa, wata ta ce ɗanta na soja. Sai Inna ta yi gyaran murya, kanta a ƙasa, ta ce a sa wani mutum a gidan nan da ba ya cin abinci. Mata suka ce to, suka fara rufe ido. Ni nawa ya ƙi rufuwa.

"Inna, wane mutum? Allah zai tambaya wane ne."

"Ladi," in ji Mama Damaris.

"Sunansa Ishaya. Ke kika haife shi. Ba addu'ar matan nan ya rasa ba, fuskarki ya rasa. Kin san ba ya cin abinci, kin san ba ya barci, kin fi ni sani. Ki taka nan da shago ki ɗaga kai, kin ce a'a, kin gwammace ki aika saƙo ta sama."

"Rufe bakinki!" Mama Damaris ta daka mini tsawa. "Sunan miji, a gaban uwarsa, a gaban mutane? Wa ya raine ki?"

Abu biyu na karya a numfashi ɗaya, kuma na sani ina karyawa. Mace ba ta kiran sunan mijinta, suruka ba ta ɗaga wa uwar miji murya, balle a taron mata. Wata ta rufe fuska da mayafi. Inna ta kakkaɓe zanenta a gwiwa, ta ce wa Mama Damaris a ci gaba, ana jira. Aka yi addu'ar, aka sa mutumin gidan nan a ciki ba suna, mata suka watse ba su taɓa kunun da na dama ba. Kafin rana ta faɗi labarin ya kai har unguwar Tudun Jukun.

Washegari da safe ina shara, sai ga Inna ta fito da 'yar kujerarta a hannu ɗaya, mazari da auduga a ɗayan. Ta wuce ni kamar turmi ta wuce, ta tsaya a ƙofar shago.

"Ki gaya wa wancan na zo."

Yana ciki, ya ji. Ya miƙe da sauri har ya ture gwangwanin kananzir da yake wanke buroshi. Ta shiga, ta ajiye kujerar a tsakiyar ɗakin, ta zauna ta juya masa baya, fuskarta wajen bango. Ta ɗora mazarin a kan 'yar fatar da take kaɗi a kai, ta ja zare.

"Kin ce in zauna. Na zauna."

Jinina ya hau. Na ajiye tsintsiya na nufe ta, niyyata in kama kafaɗarta in juyo da ita, tun da dai na riga na ɓata. Hannuna ya kusa kai sai na ji muryarsa.

"Bar ta."

"Malam, ai wannan rainin hankali ne. Bayan ne ba ka sani ba?"

"Bar ta, Ladi. Matsa daga ƙofa, kin tare mini haske."

Na waiwaya, na ga gawayi a hannunsa, kuma ba ni yake kallo ba. Na matsa.

Haka suka yi ta yi har aka fara yankan gero. Kullum in ya rage sauran lokaci kafin ya hau keke, ko ranar da ba shi da aji, za ta ɗauki kujera ta shiga, ba wanda ya kira ta. Ba su taɓa yin magana ba. Daga tsakar gida abu biyu nake ji, gurnanin mazari da ƙarar gawayi a kan ƙyalle, daga baya gawayin ya yi shiru, warin fenti ya cika zaure. In tana da saƙo, Rifkatu take ba wa, yarinyar da ko Baba ba ta iya cewa ba: ki ce wa wancan kununsa ya huce. Shi kuma ya ajiye buroshi ya sha. Ni duk tsawon zaman nan ba ta ƙara ba ni saƙo ba. Tuwona ma ta daina ci, ta kafa murhunta a bayan ɗakinta.

Ranar da ya ce in zo in gani, na tsaya na duba. Bayan tsohuwa ne, zane baƙi na rini ɗaure a ƙirji, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka don ɗaukar kaya, hannun hagu a sama yana jan zare. Ko a kasuwa na ga wannan bayan na san Inna ce. Abu ɗaya ne bai yi mini ba.

"Ka karkatar da kan. Mai kaɗi zare take kallo."

"Haka take zama. Ki lura gobe."

"Ni da nake ganinta kullum?"

"Kina ganinta in ba na nan. In ina wuri, kunnen nan yana wajena. In na ajiye buroshi, mazarin yana rage gudu. In na yi tari, ya tsaya." Ya goge hannu da tsumma. "Tun ina yaro haka take. Ni ne ban san inda zan duba ba."

Washegari na leƙa ta taga. Haka ne. Kan ya ɗan kwanta, kunnen hagu yana wajensa, kamar mai sauraron ko ruwa zai sauko.

Da ya gama, da kanta ta gane, don mazari ya yi ta juyawa ba ta ji motsin buroshi ba. Ba ta shiga shago washegari ba sai da ya hau keke ya tafi. Ina daga zaure na gan ta tsaye gaban zanen, ta daɗe, hannu a bayanta. Ta san ina nan. Ba ta juyo ba ta yi magana, kuma ita ce magana mafi tsawo da ta ƙara yi mini a duniya.

"Ashe haka bayana yake. Ki gaya wa wancan kafaɗar ba ta kai haka sauka ba. Kuma ya sa mini zanen aiki, alhali ina da na fita. Ina za a kai shi?"

"Kwaleji, Inna. Za a rataye a bango."

"Maza su yi ta kallo."

"Bayanki ne kawai."

"Na sani. Shi ya sa na ba shi."

Da azahar ta ɗaure kayanta, ta sa aka kira mata mai jaki, ta tafi Kwangila gidan Iliya. Na tsaya a zaure na ce ta jira Malam ya dawo. Ta ce ai don kada ya dawo ya same ta take sauri. Ban kama ƙafarta na yi kuka ba, wannan gaskiya ne, kuma shi ne abin da matar Iliya ta riƙe ta yi ta yaɗawa. Amma kora ban kore ta ba. Matar da aka kira sunan ɗan farinta a fuskarta a gaban matan coci, kuma duk unguwa ta san ta yi ta zama ɗaki ɗaya da shi yana kallonta, ba ta iya ci gaba da fita rijiyar Tudun Wada. Ta san haka tun safiyar da ta ɗauki kujera. Ta zauna har ya gama tukuna.

Babanku ya dawo ya tarar da ɗakin a buɗe. Ya tsaya a ƙofa, ya dubi gurbin gadonta. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, bai kuma taɓa gode mini ba, ni ma ban nemi ko ɗaya ba. Ya bi ta Kwangila ya durƙusa, ta amsa wa bango, ta ce wa matar Iliya ta gaya wa wancan cewa iskar nan ta fi karɓar ta.

Amma hannun ya buɗe. Lokacin da ya rage kafin jarrabawa bai zauna ba. Ya zana mata a bakin rijiya sun sunkuya, ya zana layin mawaƙa a coci daga bencin baya, ya zana leburorin jirgi ɗauke da buhuna, ya zana ni ina daka da Rifkatu a goye, duk ta baya. Mutane suka riƙa shigowa shago suna nuna wannan wane ne, waccan wance ce, ba fuska ko ɗaya kuma ba wanda ya ɓace musu. Mama Damaris, da ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata, ta ga kanta a layin mawaƙa ta ce ita ƙugunta bai kai haka ba. Aka kwashe zane-zanen a amalanke aka kai kwaleji. Babanku ya ce malamin nasu ya daɗe a gaban na Inna, ya tambaye shi me ya sa ba ta juyo ba. Ya ce masa uwarsa ce, shi ne ɗan fari. Baturen ya jira ƙarin bayani, bai samu ba, ya kaɗa kai ya wuce. Babanku ya sami takardarsa. Abin da ya yi ta yi ke nan har tsufa ya hana shi riƙe buroshi, kuma da shi aka san shi.

Ni kuwa na haifi sauranku ba uwar miji a gida, ba mai kama mini ko wankan jego. Ku kun tashi kakarku baƙuwa ce da ake kai ku gaisarwa ran Kirsimeti. In na kai mata abinci, ta ce a ajiye, a ba yara. Matan coci suka sa mini Ladi mai bakin reza, sunan ya bi ni har ajin manya. Na auna wannan duka da mutumin da na gani zaune a kan akwati hannu tsakanin cinyoyi, kuma ko yau aka mai da ni tabarmar nan, sunan zan kira. Ke Rifkatu, kin sha tambayata me ya sa nake ƙwala miki kira tun daga bakin titi, ke da kike 'yar fari, har ana cewa ban san ya kamata ba. To kin ji dalili.

Inna ba ta taɓa dubansa ba har ta mutu, kada wani ya ƙara muku gishiri a nan. Abin da na sani game da ƙarshenta matar Iliya ce ta gaya mini, ita da ba ta da dalilin faranta mini rai. Gidansu yana bakin hanya, kekunan ma'aikatan jirgi suna wucewa tun safe har yamma, ba mai kula su. Inna tana kwance, ta kai ba ta gane masu shigowa, abinci sai an ɗura mata. Da la'asar sai ta buɗe baki ta ce a juya ta wajen bango.

"Don me, Inna?"

"Ga wancan nan."

"Ba kowa, Inna. Ba wanda ya yi sallama."

"Juya ni na ce. Ki gyara masa tabarma."

Matar Iliya ta juya ta. Ta ce tana cikin shimfiɗa tabarmar ne ta ji ƙararrawar nan mai kama da gwangwani, can nesa, bai ma karyo kwana ba.

Zanen yana gidan Rifkatu, a falo, sama da rediyo. Jikokina in sun je suna zagayawa gefe wai ko za su hango fuskar. Ku gaya musu su daina wahala. Su dubi kunnen.